Teku a Hannun Hagu

Ranar da aka fara gaya mini cewa Baba Dalhatu yana shirin kwasar iyalinsa, har da jikoki ƙanana, ya kai su kallon teku, ban ɗauki maganar da nauyi ba. Ni na zauna a bakin teku. Shekarun da na yi ina karatu a Gana, ɗakin kwananmu bai fi jifa biyu da ruwan ba, kuma abin da na fi tunawa da shi shi ne yadda gishirinsa ke cinye ƙarfen taga. Na dawo Gumel ban yi kewarsa ba. Ban da haka, mu nan ba mu saba tafiya don kallo ba. Mutum yakan bar gida don fatauci, ko neman ilimi, ko gaisuwar mutuwa, ko Makka. Wanda ya ce zai ƙona mai tun daga iyakar Nijar har inda ƙasa ta ƙare don kawai yara su ga ruwa, sai an sake dubansa. Har yanzu ban gama gamsuwa cewa tafiyar hikima ce ba, domin hanya ba ta cika aminci ba, yaran kuma ƙanana ne. Abin da na sani shi ne na daina yi mata dariya.

Baba Dalhatu maƙwabcinmu ne, ƙofar gidansu na kallon tamu, kuma tun ban san kaina ba nake ganinsa tare da mahaifina a dakalin masallaci duk lokacin da ya dawo daga tafiya. A tasha da kara ba a san shi da wannan suna ba. Can Zarce ake ce masa.

An haife shi a wani ƙauye kusa da Sule Tankarkar, gidan manoma gero da wake. Yana saurayi ya fara kora wa wani bafatake dabbobi a ƙasa zuwa kasuwar Maigatari, wadda ke ci ranar Alhamis. A can ya ga manyan motoci suna lodin shanu zuwa kudu, ya ce shi ma sai ya ga inda suke zuwa. Aikin da aka fara ba shi ba a gaban mota yake ba. A bodi yake, bisa katakon da ake gittawa sama da kawunan shanu, kuma aikin guda ɗaya ne: kada ya bar wata ta kwanta. Saniyar da ta kwanta a cikin mota 'yan uwanta za su tattake ta, kafin a isa ta zama mushe, ko a yanka ta a gefen hanya a yi asara. Da ya ga wata ta fara lanƙwasa gwiwa sai ya dira tsakanin ƙahoni, ya murɗe mata wutsiya, ya daka mata tsawa har ta miƙe.

Da ya kama sitiyari sai ya tarar da doka ta biyu, wadda ta ba shi laƙabinsa. Mai ɗauke da kaya masu rai ba ya tsayawa. Duk tsayuwar da ka yi rana ce a kan dabba, ƙishirwa ce, rama ce. Abinci ta taga ake miƙo shi. Salla a gefen titi ake yinta, a haɗa a gajarta kamar yadda aka yarje wa matafiyi, injin kuwa yana ta ruri, domin motocin wancan zamani in ka kashe su ba ka da tabbacin za su tashi, kuma babu mai tura motar da ke cike da shanu. Da wannan hali ya yi suna. Fatake na rububinsa saboda dabbobinsu kan isa Ikko da sauran ƙarfinsu.

Shekarar da aka haifi ɗansa na fari, Muntaka, wani mai raguna ya ɗauke shi zuwa Lome ana gab da layya. A wannan tafiya ya fara ganin teku, kuma ga yadda ya ba ni labarin.

"Mun wuce Kwatano da hantsi, rana na bayanmu. Sai na hango ta hannun hagu, tsakanin bishiyoyin kwakwa, wani abu shuɗi mai farin baki. Na ɗauka sama ce ta sauko. Na nemi ɗaya gaɓar ban gani ba. Ka san mu nan, ko tafkin da ya fi kowanne cika da marka, kana hango mai wanki a wancan gefen. To wannan babu wancan gefen. Ƙafata da kanta ta saki totur. Mai ragunan yana zaune kusa da ni, ya ce, 'Zarce, lafiya? Ruwa ne fa. Ba ka taɓa ganin ruwa ba? Taka mota, ragunana suna zubar da kitse.' Sai na taka."

Bayan nan ya bi hanyar sau da yawa, kusan duk shekara in layya ta matso, kuma kullum haka take kasancewa. In za a je, raguna ba sa jira. In za a dawo, akwai kayan da aka yi wa alkawari, kuma Alhamis tana jira a Maigatari. Ya san inda tekun ke ɓullowa da inda yake ɓacewa a bayan gidaje, ya san ramukan da ke wurin. Yakan saci kallo ta taga ya mai da ido titi. In ya dawo gida yakan zo da kwakwa, ya tara yara ya ba su labarin ruwan da ba shi da wancan gefe. 'Ya'yansa sun girma da wannan labari, jikokinsa suka gaje shi. Mu ma yaran unguwa mun sha jinsa, kuma dukanmu mun ɗauka har iyo yana yi a ciki.

Bara ya ajiye babbar mota. Ba tsufa ne ya sauke shi ba, domin har yanzu shi yake ɗaga buhun gero shi kaɗai. Idonsa ne. Likita a Kano ya ce masa hawan jinin ido ne, ciwon da ke cin gani daga gefe yana matsowa tsakiya, har mutum ya zama kamar mai leƙe ta cikin kara. An ba shi maganin ɗigawa, an ce zai rage wa ciwon gudu, amma abin da ya tafi ba ya dawowa. Babu wanda ya iya ce masa ga yawan lokacin da ya rage. Da damina ta kama sai ya ce wa matarsa, Inna Yelwa, in an gama kaka za a je teku, bana, kuma shi zai tuƙa.

Saboda haka ya aika a kira ni wata rana bayan la'asar. Na same shi zaune a tsakar gida, ya share ƙasa a gabansa, yana riƙe da karan dawa. Inna Yelwa na gefe tana tsince wake a faifai. Jikokinsa biyu, 'ya'yan Muntaka, suna jingine da shi: Mu'minat, wadda ta shiga firamare bana, da ƙanenta Abdurra'uf, wanda bai isa shiga ba.

"Ɗan Gana, zauna," in ji shi. "Kai ka sha ruwan can. Daga Lome zuwa gaba, titin yana nan a bakin ruwa ko ya kauce?"

Na ce masa wani wuri yana bi, wani wuri yana kaucewa, amma ni a bas nake wucewa kuma yawanci barci nake yi. Ya dube ni kamar wanda aka ba nama ya ce yana azumi. Sannan ya ja layi a ƙasa da karan: ga Gumel, ga Kano, ga Kaduna, ya gangara har Ikko, ya lanƙwasa yamma. Ya nuna inda ake shan mai, da inda jami'ai ke tsare hanya, da inda titi ya lalace. Layi ne miƙaƙƙe mai kyau.

Inna Yelwa ta leƙo ba ta ajiye faifan ba. "Malam, a ina za a kwana?"

"A mota mana. Tana tafiya ana barci."

"A ina yaran za su kama ruwa?"

"In an tsaya shan mai."

"To ni da ƙafafun nan da ke kumbura ko zuwa Gagarawa nan kusa aka yi? Ni ma sai an tsaya shan mai zan miƙe su?"

"Ke dai ba kya rasa magana. Gani ya kori ji, Yelwa. Yaran nan sun sha ji, so nake su gani."

Ya juya ga Abdurra'uf, wanda a wasan jika da kaka shi ne angon Inna Yelwa. "Kai kuma, ragon miji, matarka tana ta ƙorafi ka yi shiru. Ko cefane ba ka bayarwa, ga shi ni zan kai ta yawo."

"Ni zan saya mata jirgi," in ji yaron.

"Ka fara sayen wando tukuna."

Mu'minat ta ja hannun rigarsa. "Kaka, shi tekun yaya kukansa yake? Kamar ruwan sama a kan kwano?"

Baba Dalhatu ya tsaya da karan a hannu. Sannan ya ce wa yarinyar, "Uwargida, tashi ki ɗebo wa baƙo ruwa, kin bar shi da ƙishi." Mu'minat ta tashi tana ƙunƙuni, magana ta koma kan katin rigakafin da ake nema a iyaka.

A ranar na ji yadda aka warware matsalar abin da za a gaya wa mutane. Inna Yelwa ce ta tuna da Sha'aibu, ɗan ƙanenta da ke sayar da kaya a Lome, wanda matarsa ta haihu. Yaron ya kusa yaye, amma ta ce barka ba ta tsufa. Tun daga nan duk wanda ya tambaya sai a ce masa zumunci za a je, sai ya gyaɗa kai ya sa albarka. Abokan Baba Dalhatu na dakalin masallaci ne kawai ba su ruɗu ba, su har sun fara kiransa Sarkin Ruwa.

Abin da ba a warware ba shi ne wanda zai tuƙa. Motar da za a shiga ta Muntaka ce, wadda yake jigilar fasinja da ita tsakanin Gumel da Kano, kuma kowa a tasha ya san shi da natsuwa. Amma Muntaka ɗan fari ne. Baba Dalhatu mutumin da ne, bai taɓa kiran sunansa ba, "wancan" yake ce masa, ko "uban yaran nan". Ba sa zama tabarma ɗaya, ba sa doguwar magana. Ko tuƙin ma ba shi ya koya masa ba, wurin wani abokinsa ya tura shi. Muntaka ya san halin da idon mahaifinsa ke ciki, amma ba shi da bakin da zai ce, "Baba, kawo makulli." Matarsa Naja'atu kuwa suruka ce, gaisuwa ce iyakarta. Ya rage Inna Yelwa, ita kuma ta san in ta fito masa kai tsaye zai kafe.

Sai ta ce a gwada. A kwashi yaran a je ƙauyensu can wajen Sule Tankarkar a gaida dangi a dawo, a ga yadda za su yi a mota. Ya yarda nan take. Ya ce ni ma in zo in zauna a gaba, kuma na gane dalili: in babu ni, kujerar nan Muntaka za ta faɗa wa.

Da safiyar ranar na fito na tarar da Muntaka tsaye a bakin motarsa yana sosa ƙeya. Baba Dalhatu ya riga kowa tashi, ya cire shimfiɗun roba na ƙasan motar, ya baza yashi mai laushi tun daga gaba har baya, kamar yadda ake yi wa bodin tirela kafin a loda shanu.

Inna Yelwa ta fito da mayafinta da ƙullin tsaraba, ta leƙa, ta ja da baya. "Malam, wannan yashin fa? Gyaɗa za mu soya?"

"Saboda santsi ne. In yaro ya yi amai ko fitsari sai ya shanye."

"Jikokin nawa?"

"To ai dabara ce."

"Naja'atu, miƙo tsintsiya."

Aka share, amma har muka dawo yana ƙaras-ƙaras a ƙarƙashin takalma.

Muka kama hanya. Lokacin an fara girbi, ko'ina dammunan gero ne a tsaye, ga riɗi an jingina shi tsibi-tsibi yana shan rana. Inna Yelwa da Naja'atu da yaran suna kujerar tsakiya, Muntaka shi kaɗai a can baya kamar fasinjan da bai cika kuɗin mota ba. Ba zan ɓoye ba, tuƙin Baba Dalhatu abin kallo ne. Hannunsa a kan sitiyari kamar ba ya taɓa shi, giya na shiga ba ka ji. Fuskarsa ta sake, har ya fara ɗan waƙe-waƙe a maƙogwaro.

Ba mu yi nisa ba barci ya kwashe Abdurra'uf, kansa ya langaɓe, ya zame ya kwanta a cinyar uwarsa. Baba Dalhatu ya hango shi ta madubi.

"Kai! Ku tashe shi, ya kwanta!"

Yadda ya yi tsawar sai da na zabura. Naja'atu ba ta da ikon musu, ta girgiza yaron a hankali ta zaunar da shi. Ya buɗe ido ya lumshe, can ya sake zamewa.

"Ya sake kwantawa! Ku ɗaga shi mana!"

Wannan karon yaron ya fashe da kuka. Inna Yelwa ta karɓe shi ta rungume. "Malam, wa zai tattake shi? Ni ko uwarsa?"

Na ga kunya ta kama Baba Dalhatu, na kuma ga cewa ba da gangan ya yi ba. Idonsa ne ya ga abu ya kwanta a mota, bakinsa ya riga tunaninsa.

Can sai Mu'minat ta ce, "Kaka, fitsari."

"Daure, uwargida, mun kusa."

Aka ɗan jima. "Kaka, ya matse ni."

"Ga garin can."

"Ɗazu ma haka ka ce, kuma babu garin."

Yana cikin lallashinta ne amalanken shanu ya fito daga wata hanyar gona ta hannun hagu, an labta masa dammunan gero, yana hawowa titi a hankali. Dukanmu mun gan shi tun daga nesa. Na ɗauka shi ma ya gani, ina jiran in ji ya saki totur. Bai saki ba. Idonsa na kan titi, miƙe, amalanken kuwa yana shigowa ta inda ganinsa ya riga ya mutu.

"Baba, hagu!"

Muntaka ne daga can baya. Ban taɓa jin ya ɗaga murya a gaban mahaifinsa ba. Baba Dalhatu ya taka burki, motar ta yi kururuwa ta ja taya ta tsaya, hancinta bai fi kamu ɗaya da wuyan ɗaya daga cikin shanun ba. Ƙullin tsaraba ya watse, yaran suka ƙanƙame manya. Mai amalanken ya diro da zagi a bakinsa, da ya ga furfura sai ya haɗiye, ya ce, "Allah ya kiyaye gaba, Baba," ya ja shanunsa ya tsallaka.

Baba Dalhatu ya gangara gefen titi ya tsaya a ƙarƙashin wani gawo. Naja'atu ta fita da Mu'minat suka zaga bayan kalgo. Muntaka ya sauka yana duba tayoyi, ko da yake babu abin da ya same su. Abdurra'uf ya manta da kuka ya bi fara cikin gona. Ni da Inna Yelwa muka zauna a inda muke. Injin na ci gaba da ruri, Baba Dalhatu ya riƙe sitiyari da hannu biyu yana kallon gaba.

Mu'minat ta dawo ta tsaya a jikin tagarsa. Ta yi masa gwalo. Ta ɗaga hannu tana kaɗawa kusa da kunnensa. Ta yi tsalle. Bai motsa ba. Sai da ta buga ƙofar ya juyo da kansa gaba ɗaya.

"Kaka, tun ɗazu nake nan ina yi maka gwalo, ba ka rama ba."

Ya daɗe yana kallonta. Daga baya Inna Yelwa ta yi magana, a hankali, ba da muryar da take tsokanarsa da ita ba.

"Malam, tekun nan naka, ta wane hannu ka ce yake?"



"Hagu," in ji shi.

Direba gaba yake kallo. A da yakan saci tekun da gefen ido, yanzu gefen idon babu shi. In shi ya tuƙa, zai kai kowa ya gani, shi kuwa ya ratsa gaɓar tun daga farko har ƙarshe bai ga komai ba sai kwalta, in ma Allah ya sa an isa lafiya.

Ya miƙa hannu ya murɗa makulli. Injin ya mutu. Sai ga kukan kurciya a saman gawon, ga iska tana kaɗa busasshen kara, ga ƙarar amalanken can yana nisa, ga Abdurra'uf yana ihu wai ya kama fara. Baba Dalhatu ya karkata kai ya zauna haka nan, ya jima, har na fara tunanin ko jiri ne ya ɗebe shi. Sannan ya zare makullin ya miƙa wa Mu'minat ta taga.

"Ungo, kai wa ubanki. Ki ce masa ƙafata ta yi tsami."

Ta ruga tana kaɗa makullin. "Abba! Kaka ya ce ƙafarsa ta yi tsami, amma ni na ga lafiyarta ƙalau!"

Muntaka ya durƙusa a gefen titi ya karɓi makullin daga hannun 'yarsa da hannu biyu, kansa a ƙasa.

Na fito don in ba Baba Dalhatu kujerar gaba, ya ce Allah ya kiyaye, ya zauna kafaɗa da kafaɗa da wancan? Inna Yelwa ta matsa ta nuna masa wurin da ke bayan direba, jikin taga. "Ga wurinka nan. Ta nan ne hagu." Ya ce kujerar yara ce. Ta ce ai daidai ke nan. Ya shiga yana gunaguni, aka ɗora masa Abdurra'uf a cinya. Kafin mu isa ƙauyen yaron ya sake yin barci, ya zame ya kwanta a ƙirjinsa. Na waiwaya na ga hannun Baba Dalhatu ya ɗaga zai girgiza shi. Ya tsaya a sama, sannan ya sauko a bayan yaron ya zauna a nan.

Tun daga ranar shirin ya sake kama. Layin da ke ƙasa yana nan, amma yanzu Inna Yelwa tana sa tsakuwa a duk inda za a tsaya, kuma tsakuwoyin sun yi yawa har Baba Dalhatu yana cewa a haka sai jikokin sun yi aure kafin a isa. Abin da ya ba shi mamaki shi ne, hanyar da ya ƙare ƙuruciyarsa a kanta bai san wuri ɗaya da mutum zai sauka da iyali ya huta ba. Ya hau mota ya je Maigatari ranar kasuwa ya tambayi tsoffin abokan aikinsa, su ma suka yi ta kallon juna. A ƙarshe dangi aka bi: akwai 'yar wane da ke aure a Kaduna, akwai almajirin wane da ke limanci a wani zango kusa da Ikko. Naja'atu ta fara tanadin dambun nama da dakuwa, ta saya wa yara fo sabo. Ni kuma abin da na iya bayarwa kaɗan ne. Na gaya musu ruwan can yana da ja, kada a bar yaro ya wuce idon sawu, kuma a riƙe hannunsa ko da ya yi kuka. Mu'minat ta ɗauki nata aikin da kanta: ta ce ita za ta zauna kusa da Kaka, da ta hango shuɗi sai ta kama haɓarsa ta juya masa kai.

Ba a tafi ba tukuna. Ana jiran a kakkaɓe riɗi, a kuma ba da hutun makaranta. Muntaka kullum yana sauraron labarin hanya a bakin direbobin da suka dawo, wani mako a ce lafiya, wani mako a ce a dakata. Inna Yelwa ta gaya wa mahaifiyata cewa kwanan nan in ta ajiye masa buta a gefensa sai ya yi ta lalube. Shi kuwa na lura ya daina cewa "bana", ya koma cewa "watan gobe". Babu kujerata a motar, kuma ban nema ba. Sai dai a 'yan kwanakin nan nakan tsinci kaina ina ƙoƙarin tuna yadda ruwan yake da safe ta tagar ɗakinmu ta makaranta, wadda na yi shekaru ina rufewa saboda gishiri.

Shekaranjiya da yamma na same shi a ƙofar gida shi kaɗai, yana kallon Muntaka na wanke motar a can gefe, ya juya kansa gaba ɗaya wajen don ya gan shi. Na zauna muka gaisa. Na ce, "Baba, in Allah ya kai ku, kuka ga ga shi nan, mene ne farkon abin da za ka yi? Alwala za ka yi da shi, ko hoto za a ɗauka?"

Ya yi murmushi bai juyo ba.

"Aika uwargida zan yi ta ce wa wancan ya kashe mota. Ka tuna ranar da ta tambaye ni kukansa na kore ta ɗebo ruwa? Ban sani ba ne, Ɗan Gana. Duk wucewar da na yi, inji na ruri, raguna na kuka. Na gan shi, amma ban taɓa jin sa ba. In idon ya kai ni, alhamdu lillahi. In bai kai ba, a dai kashe motar, kowa ya yi mini shiru."